Maɗorin da Katantanwa Ta Gagara

A gyara zama, jama'a, a kore kaji daga hanya, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Ga Malam Nababa ɗan Malam Sha'aban, maɗorin Unguwar Gawo ta ƙasar Tsanyawa, ɗan maɗori jikan maɗori, mai gidan da 'yan acaɓa ke rage gudu in sun zo wucewa don sun san can za a kwaso su a kawo. Ga mutumin da ya ɗora ƙafar ladan, ya ɗora hannun ɓarawon akuya, ya ɗora cinyar ita kanta akuyar, duk a mako guda, kowa kuma ya koma gida yana takawa. Shekarunsa saba'in da 'yan kai, 'yan kan nan kuwa sun fi shekara biyar ba su ƙaru ba. Haƙoransa tara, na ƙirga yana hamma. Kakana ne, shi ya haifi mahaifiyata, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa.

Aikinsa ba shi da wani ado. Zaure ne mai tabarma uku, da damin karan dawa a jingine a lungu, da ƙwaryar man shanu, da wankakkun tsummokara a cikin buhu. In aka kawo mai karaya, Malam Nababa ba ya tambayar yadda aka yi, wannan aikin 'yan kallo ne. Zai durƙusa, ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya bi wurin da babban yatsansa a hankali. Sai ya ce wa mutum, "Kalli can, wa ke zuwa?" Kafin ka waiwayo ya ja, ka kurma ihu, an gama. Ya shafa mai, ya jera kara, ya ɗaure, ya tofa addu'a. Sannan ya kafa doka: kunun kanwa safe da yamma, ban da tsami, ban da yawo.

Ubansa ya bar masa ƙa'ida, cewa duk abin da ya kwana a gidan nan a karye, mutum ne ko dabba, ba a sallamarsa sai ya tafi da kansa. Shekara hamsin yana kan wannan. In babu karaya yana gonarsa ta bayan gida, wadda in ka yi atishawa a cikinta maƙwabta huɗu za su amsa maka, don a wajenmu gona a jingine take da gona, danga a jingine da danga, ba abin da mutum zai yi a ɓoye.

Shekara biyu ke nan wata motar goro ta kwanta a kwanar da ke gaban Tsanyawa. Direbanta, Abdulrashid, Bakano ne amma ya shekara ashirin a Kurmi, har Hausarsa ta fara lanƙwasa. Cinyarsa ta karye gida biyu. Kwana arba'in da biyar ya yi a zauren Malam Nababa yana shan kunun kanwa yana ba da labarin ƙasar da ruwa ba ya gajiya da sauka, har ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Da damina ta kama sai ga shi ya dawo da kwando a rufe da ganyen ayaba. Akwai goro a sama, aka yi murna. Da aka ɗaga goron sai mata suka watse da salati. Dodon koɗi ne guda biyu, kuma ba irin 'yan mitsi-mitsin da yara ke tsinta a bakin rafi su yi wasan katantanwa da ɓawonsu ba. Kowanne ya cika tafin hannun ƙato.

"Baba, a can wannan abincin manya ne," in ji Abdulrashid. "Yana ƙara jini, yana ƙara ƙarfi. A fasa, a wanke da lemon tsami, a soya da attaruhu."

Inna Hure, matar Malam Nababa, ta leƙo daga ƙofar cikin gida. "Allah Ya saka da alheri, ɗan nan. Amma ba a tukunyata ba."

Aka tambayi liman. Ya ce ya taɓa gani a littafi cewa ba haram ba ne, amma shi dai in an dafa kada a aiko masa.

Malam Nababa ya sunkuya kan kwandon. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce. Sai ya ji ƙara, ƙwas-ƙwas, irin ta sabuwar tukunyar da ta gasu sosai. Ya sake ƙwanƙwasawa. Duk rayuwarsa ƙashi yake taɓawa, amma ta bayan nama, a lalube, bai taɓa ganin abin da yake gyarawa da idonsa ba. Yau ga wata halitta ta ɗauko ƙashinta ta goya a baya, a fili, sumul, da zane ruwan ƙasa, babu tsaga babu kumburi. Can abin ya gaji da ɓuya, ya zuro ƙahonninsa, ya miƙe a kan tafin hannunsa, sanyi ƙalau. Daga ranar ba wanda ya sake yin maganar suya.

Akwai wata tsohuwar randa da gindinta ya tsage. Ya kai ta inuwar da randunan ruwa suke, ya zuba baƙar ƙasar da ta zo a cikin kwandon, ya rufe da rariya, ya danne da dutse. Matan gida suka raɗa musu Alhaji da Hajiya. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya yayyafa musu ruwa, ya sa ganyen gwanda, ɓawon kankana, latas in an samo ranar kasuwa, ya kifa turmi ya zauna yana kallon yadda suke ci. In ka kasa kunne kana jin ƙarar cin, kamar ana kankare ƙwarya a gida na uku. Mutumin da bai taɓa shafa kan tunkiya don ƙauna ba, ga shi yana yi wa dodon koɗi ina kwana. Kafin mako ya zagayo Unguwar Gawo duk ta ji. Wasu suka ce asirin ɗori ne, wasu suka ce tsufa ne. Inna Hure ta ce duk wanda ya ce asiri ne bai zauna da Malam ba.

A tsakiyar damina Hajiya ta yi ƙwai biyar a cikin ƙasa, girman na kurciya. Bayan kwana shida Alhaji ma ya yi huɗu. Aka rasa wanda za a cire wa hula. Bakwai suka ƙyanƙyashe, kowanne bai fi ƙwayar gurjiya ba, ɓawonsu garai-garai har kana hango abin da ke motsi a ciki.

To a nan Malam Nababa ya yi abin da duk mai hankali a garinmu zai yi. In kaza ta ƙyanƙyashe ai kwashe ɓawon ƙwan ake yi a zubar, kada ya jawo kiyashi. Ya ga jariran sun manne a jikin ɓawon da suka fito daga ciki, sai ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da ganye, ya kwashe ɓawon tas ya watsar a bola. Sannan ya dubi ƙasar Kurmin nan, baƙa wuluk, ga ruɓaɓɓen ganye ga 'yan tsutsotsi, ya ce ba a kwantar da jariri a ƙazanta. Ya juye ta a gona. Ya ɗebo yashi daga rafi, ya wanke shi sau uku, ya shanya, ya shimfiɗa musu. Randa ta yi fes. Da ya lura kuma 'ya'yan suna hawa bayan iyayen suna kankarar ɓawonsu da baki har wurin ya yi fari, ya ce wannan rashin tarbiyya ne, ya nemo wani kasko ya mayar da iyayen ciki, ya raba musu ɗaki.

Wata uku ba a ga komai ba. Suna ci suna girma, shi kuma yana ƙirga su kowace safiya da yatsa, bakwai. Sai dai girman na nama ne. Nama yana gaba, ɓawo yana baya. Bakin ɓawon, inda sabo ke tsirowa, ya koma fari, siriri kamar ɓawon albasa, yana fitowa a tattare, gargada-gargada, irin hanyar da ruwa ya ci. Wani ya karkace gefe guda. Wani tsininsa ya fara zubar da gari. Akwai wanda in ya tsorata ya ja jiki ciki, ɗakin ba ya ɗaukarsa, sai a bar wutsiyarsa a waje. Wata safiya Malam Nababa ya ɗauki babbansu, ya ƙwanƙwasa da farce yadda ya saba yi wa iyayen. Babu ƙara. Farcen ya shige.

Ya daɗe riƙe da shi. Ramin bai fi ƙwayar dawa ba, amma ta ciki yana ganin naman yana bugawa a hankali. Hannun nan nasa, tun da ya karɓi zaure, bai taɓa karya komai ba sai kara.

Ya yi abin da ya sani. Ya fere ɓawon kara siriri kamar tsinken sakace, ya yanka gutsi-gutsi. Ya roƙi Inna Hure zare daga mazarinta, don ita har yau tana taɓa kaɗi in ta sami auduga. Ya lakato man shanu a ɗan yatsa ya shafe wurin, ya jera kara huɗu, ya naɗe, ya tofa. Sauran ma da bakinsu ya fara ɓantarewa ya shafa musu mai, kada a ce ya yi son kai.

Inna Hure tana tsaye da moɗa a hannu. "Malam, wai yanzu majina kake yi wa ɗori?"

"Ƙashi ne."

"To tun da ƙashi ne, ka ce masa ya kalli can wa ke zuwa, ka ja."

Da gari ya waye ɗaurin yana gefe guda a kan yashi, a ɗaure yadda ya ɗaura shi, mai karayar kuwa ya sulale ya haye bangon randa. Abu mai zagaye, mai santsi, ina kara zai kama? Ya sake ɗaurawa, ya sake sulalewa. A kwana na huɗu ramin ya buɗe, naman ya bushe ta wurin, ya mutu. Man shanun kuma ya kira abin da aka zubar da ɓawon ƙwai don gudunsa. Kiyashi suka yi layi tun daga bakin danga, suka shiga ta tsagar gindin randa, suka gama da biyu kafin a farga. Saura huɗu.

Shawara kuwa ba a rasa ba, ta kan danga take zuwa. Wannan ya ce a barbaɗa toka, wancan ya ce zuma, wata ta ce baki ne ya kama su, a yi musu rubutu. Wani ya ce a mayar da su bakin rafi Allah Ya ciyar da kayansa. Malam Nababa ya dube shi ya ce a nan aka haife su, a nan suka karye, ba inda za su.

Da zafi ya fara Alhaji da Hajiya suka mutu, tsakaninsu kwana goma, ko tsufa ne ko ƙasar ce ba ta karɓe su ba, Allah masani. Ya wanke ɓawon nasu ya jera a kan taga. Nauyi, ƙwari, sheƙi, komai yana nan. Yakan ɗauki ɗaya a hannun dama, ya ɗauki ɗaya daga 'ya'yan a hannun hagu, ya yi ta dubawa. Iri ɗaya ne, ci ɗaya ne, har ma 'ya'yan sun fi samun gata. To me Kurmi ke ba su da shi bai ba su ba?

A tsakiyar bazara amsa ta zo masa, yana cikin jiƙa wa ragon layya dusa. Kanwa. Har ya ji haushin kansa da bai tuna ba tun farko. Rago in ana so ya yi ƙashi, kanwa ake ba shi. Mai jego kunun kanwa take sha. Duk wanda ya taɓa kwanciya a zauren nan da kanwa ya tashi, shi kansa Abdulrashid da ya kawo su shaida ne. Ya nemo jar kanwa mai kyau, ya niƙa, ya jiƙa ta kwana, ya tace da tsumma mai tsabta. Ranar har sauri yake yi daga masallaci. Ya ɗaga rariya, ya yi bisimilla, ya tsoma hannu ya yayyafa musu, ya ƙara, don kowa ya samu.

Uku suna ƙasa a kan ganyen gwanda. Da ruwan ya taɓa su suka murɗe, suka ja jiki ciki da ƙarfi, sai kumfa. Farar kumfa tana tasowa daga bakin ɓawon tana ƙara, tsssss, tana ƙaruwa har ta rufe su. Malam Nababa ya tsaya da jiƙaƙƙen hannu a sama, ya kasa gane abin da yake gani. Sannan ya wawure su, ya buɗe randar ruwan sha ya tsunduma su ciki da hannunsa har gwiwar hannu.

"Innalillahi! Malam, ruwan shanmu!"

"Kawo moɗa. Kawo wani ruwan. Hure, kawo!"

Shekarun da ya yi bai kira sunanta a gaban mutane ba, ba wanda ya iya tunawa. Ta kawo. Ya wanke, ya ɗauraye, ya sake wankewa, ya shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen tsumma yana hura musu iska da baki. Kafin hantsi ya ɗaga duk ukun sun saki. Na huɗun, ƙaraminsu, wanda ya fi kowa karkacewa, ya kwana a manne a ƙarƙashin rariya, feshi kaɗan ya same shi. Shi kaɗai ya rage. Inna Hure ta sa masa Ragowa.

Da la'asar ɗin ranar aka kawo wani mai gini da kafaɗarsa ta goce. Malam Nababa ya gyara, hannu bai manta ba. Da ya zo kafa doka ya ce, "Safe da yamma ka sha kunun..." sai ya yi shiru. Mutumin ya jira, ya jira, ya ƙarasa masa da kansa.

Gab da saukar ruwa Kamaruddeen malamin gona ya zo a kan babur da maganar sabon irin gyaɗa. Shi a Kudu ya yi bautar ƙasa, ya ga inda ake kiwon abin nan a cikin tsofaffin tayoyi. Da aka gama maganar gyaɗa maƙwabta suka tsegunta masa, ya ce a nuna masa. Ya tsuguna a bakin randar, ya ɗebi yashin ya murza, ya ɗaga Ragowa ya duba shi a rana. Haske yana ratsa ɓawon.

"Baba, wannan yunwar kalsiyam ce. Abin da ke gina ƙashi. Su daga abin da suka ci suke gina ɗakinsu, latas da kankana kuwa ruwa ne zalla. Ina ɓawon ƙwan da suka fito?"

"Na zubar."

"Ai shi ne nonon farinsu, Baba. Shi suke fara ci. Ƙasar da aka kawo su da ita fa?"

"Tana gona."

"Ita ma cinta suke yi. Wannan yashin ba komai a cikinsa, ka wanke ɗan abin da ke ciki ma."

"Na ba su kanwa," in ji Malam Nababa. Ba wanda ya tambaye shi.

Kamaruddeen ya cire hularsa ya sosa kai. "Kai, Baba. Kanwa ai ita da gishiri uwa ɗaya uba ɗaya. Rago yana da fata. Wannan ba shi da fata, jikinsa duk kamar cikin ido ne."

Malam Nababa ya karɓi Ragowa, ya nuna wurin da ya tattare da ɗan yatsa, bai taɓa ba.

"Nan ɗin, ta yaya ake miƙar da shi?"

"Ba ya miƙewa. Abin da ya fito a karkace haka zai zauna har ya mutu. Sai dai sabon da zai tsiro daga baki, in ya ci, in kuma da sauran ƙarfi a jikinsa."

"Ba wurin ja?"

"Babu."

"Ba wurin ɗaurewa?"

"Babu, Baba. Ka samo ɓawon ƙwai ka daka, ko alli. In akwai tsohon ɓawon irinsu ma ya fi. Ka canza ƙasar, ka riƙa jiƙawa. Shi ke nan, sai jira."

"Ni me zan yi?"

"Abin da na faɗa ɗin nan."

"Na ji wannan. Na ce ni me zan yi."

Kamaruddeen ya ce yana da sauran unguwa biyu kafin magariba. Har ya tayar da babur Malam Nababa ya biyo shi ƙofar gida ya ce, da bai zubar da ɓawon ƙwan ba, da bakwai ɗin suna nan? Malamin gona ya yi ta murɗa hannun babur kamar bai ji ba, sannan ya ce komai da lokacinsa, ya tafi.

Kajin gidan sun daina ƙwai saboda zafi. Don haka ranar kasuwar Tsanyawa mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Malam Nababa, da rawaninsa na Juma'a, tsaye a teburin mai shayi da leda a hannu yana jira a fasa wa wani ƙwai ya karɓi ɓawon. Mai shayin, da ya taɓa kwanciya a zaurensa, ya rantse sai ya soya masa uku kyauta. Ya ce shi ɓawon kawai yake so. Ya dawo ya wanke, ya shanya, ya niƙa. Ya je gindin gawon da ke tsakiyar gonarsa, inda ganye da kashin awaki suka shekara suna ruɓewa, ya haƙo baƙar ƙasa mai tsutsotsi, irin wadda ya zubar, ya cika randar. Inna Hure, ba tare da an roƙe ta ba, ta ɓantaro rabin allin da take shafa wa yatsunta in tana kaɗi, ta ajiye a bakin randar ta wuce.

"Kada ka ce na damu ne," ta ce. "Na gaji da ganin fuskarka haka."

Ragowa bai kula ko ɗaya ba. Tun ranar kanwa yake ja da baya, yanzu kuwa ya shige can ƙuryar ɓawonsa ya toshe ƙofa da wani farin tantani kamar takarda. Ba ci, ba motsi. Kamaruddeen ya ce suna yin haka in duniya ta yi musu zafi, wani ya fito, wani a ciki zai ƙare, kuma ba a buɗe musu. Hanyar sanin yana raye guda ɗaya ce. Kowace safiya Malam Nababa sai ya ɗauke shi a hankali ya kai hanci, don matacce ba ya ɓoyuwa. In bai ji wari ba ya mayar, ya yayyafa ruwa, ya zauna.

A kwana na tara ya sauko da Alhaji da Hajiya daga kan taga. Ya ɗora su a kan dutsen niƙa, ya zauna yana kallonsu har inuwa ta matsa. Su ne ƙashi mafi kyau da ya taɓa riƙewa. Inna Hure ta ce ya kawo ta daka masa a turmi, wannan aikin mata ne. Ya ce a'a. Ya ɗauki ɗan dutsen ya buga. Ko gezau. Ya ƙara da ƙarfi, dutsen ya zame ya daki yatsansa. Sai a bugu na huɗu Alhaji ya tsage. Ya niƙe su duka biyun har suka zama gari, ya tankaɗe, ya zuba a murfin kwalba, ya ajiye daidai ƙofar Ragowa, yadda in ya fito ba sai ya yi tafiya ba.

Ruwan farko ya sauka a daren Talata, mai yawa. Unguwar Gawo duk ta fita shuka, maza da mata, daga kowace gona kana jin muryar ta kusa. Malam Nababa ya shuka geronsa layi shida ya dawo ya duba, ya koma ya yi shida ya sake dawowa. Bayan kwana biyu da safe ya tarar farin tantanin ya faɗo. Ga sawu mai sheƙi ya taso daga inda Ragowa yake, ya ratsa ta tsakiyar murfin kwalbar, ya haye bangon randa. Can sama ya manne, ya rame har ɓawon ya yi masa yawa karo na farko a rayuwarsa, ƙaho ɗaya a waje, ɗayan ya ƙi fitowa.

Malam Nababa ya ɗauko murfin ya fita da shi haske. Ya san yadda wurin da suka ci yake zama, 'yan layuka ne ƙanana kamar an ja tsintsiya. Ya karkata shi dama, ya karkata hagu, ya kira Inna Hure ta duba da nata idon.

A haka na same su. Labari ya riga ya tsallaka danga cewa majinyaci ya farfaɗo. Na ce, "Tsoho, barka! Ashe da sauran aiki a hannun nan. Bari ya ƙara kumari in ɗauke ku hoto ku biyu, kai da rawani shi da ƙaho, in sa a waya. Wallahi sai an cika mota daga Kurmi an zo koyon kiwo a wajenka, ni ne mai karɓar baƙi."

Bai ɗago daga kan murfin ba.

"Bi ta kai ya yi," in ji shi. "Bai ci ba."